Ƙafar Direba da Ƙafar Ɗan Ƙwallo

Shekarar da fadarmu, wato majalisarmu ta shan shayi, ta tashi daga gindin dogon yaro ta koma ƙofar gidan abokina direba, ita ce shekarar da na fi sa ido a kan ƙafar mutum. Ni dama haka Allah ya yi ni, in abu ya ɗaure mini kai ba na sakewa sai na ga ƙarshensa. Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, abin da mutanenmu ke kira mushe. A lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Tajaye, ranar Juma'a da yamma in hau moto in dawo gida Konni, in kwana biyu ina shan shayi da gardama.

Wasan da ya haɗa mu wani jandarma ne ya kawo shi, mutumin yamma da aka turo aiki garinmu, ya fara zama da mu har ya zama ɗan gida. A waya ake yi. Kowa ya tsinci 'yan ƙwallon da yake so daga ƙungiyoyin Ingila ya haɗa tasa ƙungiyar. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo can a filin gaske, kai kuma a ba ka maki a nan. Akwai wanda kake naɗawa kyaftin, shi makinsa ninki biyu ne. In ɗan wasa ya ji ciwo sai alama ja ta fito kusa da sunansa, in ya fara samun sauƙi ta koma ruwan ɗorawa, in ya warke ta ɓace. Mai hankali da ya ga ja yake sallamar mutum ya ɗauko wani. Ba caca muke yi ba. Wanda ya zo na ɗaya shi ake miƙa wa kofin farko na shayi tun daga rufe gasa har a buɗe sabuwa, na ƙarshe kuma shi ke fifita gawayi da wanke kofuna. Wanda bai san fada ba zai ce ai wannan ba komai ba ne. To ya zo ya durƙusa gaban gawayi a zafin Konni, magidanci mai 'ya'ya, ana yi masa dariya.

Direban nan tare muka shiga lakwal da shi. Ni na zarce, shi ya gudu tasha ya zama yaron mota, har ya kai ga riƙe babbar motar wani Alhaji mai jigilar siminti daga Malbaza. A wasanmu kuwa shi ne abin tausayi. Yana kan hanya kullum, ya manta bai gyara ƙungiya ba, ko ya naɗa kyaftin mutumin da ko benci ba a sa shi ba. Shi da wani tela na fadarmu su ke karɓa-karɓar mafici, ni kuma ina samansu kaɗan, ina cika baki kamar wani gwani.

Bayan shigowar sabuwar shekara, yana saman lodi yana ɗaure tampol, igiya ta tsinke a hannunsa ya faɗo. Ƙafar hagu ta karye sama da idon sawu. Danginsa suka kira wani tsohon maɗori daga wajen Bazaga, wanda shi ke ɗora 'yan gidansu tun iyaye. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara da tsumma. Da na ji labari abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ƙafar hagu ce. Da ita direba ke taka ambreyaj kafin ya sauya giya, kuma ambreyaj na motar nan tsohuwa ba wasa ba ne, na taɓa gwadawa da ƙafata mai lafiya sai da na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Da yake ba ya iya fita, sai muka kwaso tabarmi da butar shayi muka dawo ƙofar gidansa. A nan Alhajin ya same mu ranar da ya zo dubiya, da sukari da ganyen shayi a leda. Mutum ne da ba ya kwana-kwana. Bayan ya yi addu'a ya ce, "Mota taka ta, ba ni da wani direba in ba kai ba. Na ba wani mutumin Tajaye shi riƙa maka. Amma shi manomi na. Ya ce in ruwan hwarko ya sauka sai in hwaɗa mishi gaskiya, ko mota ta zam tashi, ko shi koma gida shi yi shibka. Kai ma ka san ba a aje mota tana kwana."

"Na sani, Alhaji," in ji direba. "Kahin ruwa ina bisa ƙahwata, in Allah ya yarda."

Duk muka ce amin. Daga ranar kowa a fada ya san abin da ake jira. In ƙafa ta warke kafin ruwan farko, mota tasa ce. In ba ta warke ba, ya rasa motar da yake ci da iyalinsa da ita.

To a ƙarshen makon da ya faɗo, akwai wani dogon ɗan gaba a Ingila da aka taɗe, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana rufe fuska. Shi ma ƙafar hagu, shi ma sama da idon sawu. Kusan kowannenmu yana da shi a ƙungiya, don a lokacin ƙwallo kamar sonsa take. Kafin a yi sallar isha'i duk mun sallame shi. Da na dawo Juma'ar gaba na leƙa ƙungiyar direba, sai ga dogon nan zaune a benci da jar alamarsa.

Na ce, "Kai direba, wanga ya gama shekaratai. Sallame shi ka ɗauki mai gudu."

Ya ce, "Mushe, sati guda munka hwaɗi, ƙahwa guda. Ni da shi tare za mu tashi."

Na ɗauka raha ce irin ta mai jinya. Ashe da gaske yake. Ya mayar da dogon nan agogonsa. Ƙungiyar ɗan wasan tana yawan sakin hotuna da bidiyo na yadda jinyarsa ke tafiya, direba kuma ba abin da ke wuce shi. Ranar da aka nuna an cire wa dogo ƙaton takalmin da aka sa masa, shi ma ya aika a kira maɗori a kwance masa kara. Da aka nuna dogo yana tafiya a cikin ruwa har ƙirji, sai na tarar da abokina zaune a kan turmi, ƙafa cikin bahon wanki, yana motsa yatsu yana kallon waya. Da aka nuna dogo a kan keken da ba ya tafiya, sai ya aro keken maƙwabci, aka ɗaga ƙafar baya a kan bulo biyu, aka jingina da bango, ya hau yana juyawa a hankali, gumi na zuba. Matarsa tana leƙowa daga zaure tana salati.

Dariya mun yi ta har da hawaye. Amma abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne ba wanda abin ya zame wa baƙo a cikinmu. Mutane ne mu da suka shekara suna lissafin cinyoyi da gwiwoyin mutanen da ba su taɓa gani ba. Mun san wanda jijiyarsa ke yawan tashi, mun san wanda in an ce sati biyu to wata ne. Tela ma, wanda ko allurar likita tsoro yake, sai ka ji yana bayanin ciwon agara kamar shi ya halicce ta. Don haka da ɗayanmu ya ce ƙafarsa za ta bi jadawalin ƙafar wani a Ingila, sai muka ga ai magana ce mai kan gado. Ni kam son sani ne ya cika ni. Duk ranar Juma'a, tun ina kan hanyar Illela nake tambayar kaina, yau kuma wane mataki aka kai?

Wani abin kuma, kwanciya ta mayar da shi gwani. Mutumin da da ba ya tuna ranar wasa, yanzu ya san wanda kocinsa zai hutar, ya san mai tsaron gidan da ya yi faɗa da matarsa. Ga shi da gurbi ɗaya a banza saboda dogo, amma kowane mako sai ya tsallake mutum. Ya wuce tela, ya wuce ni ko sallama babu, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kafin bazara ta yi tsakiya saura jandarma kaɗai a gabansa. Jandarman nan tun da ya kawo wasan bai taɓa sauka daga sama ba, har ya saba miƙa hannu kafin a zuba shayi. Sai ga shi yana zuwa fada da wuri, yana zama kusa da mara lafiya, wai dubiya, idonsa na kan wayar mutane.

Wata Asabar maɗori ya zo duba ƙafa ina nan. Tsoho ne siriri mai manyan yatsu. Ya shafa, ya latsa, direba ya cije leɓe ya yi ta maza. Da ya gama sai direba ya miƙa masa waya.

"Baba, dibi wanga. Tare munka karye. Ga shi ya hwara gudu bisa haki. Ni yaushe?"

Tsohon ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalli dogo yana sassarfa, mutane uku na biye da shi, ɗaya da agogo, ɗaya da ruwa. Ya ce a sake masa. Aka sake. Na matso, don ni ma ina son jin abin da zai ce.

"Waɗanga da ke biye da shi, 'yan uwanai na?"

Aka ce a'a, ma'aikata ne, aikinsu ke nan.

"Duk don ƙahwa guda?" Ya girgiza kai, abin ya burge shi. Ya sake kallo, sannan ya mayar da wayar. "Ɗana, ban taɓa ƙahwatai ba, ba ni cewa komi bisa gare ta. Taka na taɓa. Taka ba ta gama ba."

"Amma ƙashi ai ƙashi na, Baba."

"Ƙashi na. Sai dai shi yaro na, kai kuwa ka aje hurhura ga gemu. Kuma shi balo zai buga. Bai ɗauki siminti ba."

Direba ya yi dariya ya ce tsofaffi dama ba sa son gaggawa. Bayan tafiyar tsohon jandarma ya ce, cikin Hausarsa mai tsalle, "Abokina, mu tafi likita a yi maka radiyo, a ga ƙashi da ido. Ni zan kai ka." Radiyo shi ne hoton ƙashi a bakinmu. Direba ya ce, "Shef, so kake ka ɗauke mini hankali ka ci gasa. Sai an ƙare." Muka yi dariya aka wuce wurin. Na lura dai da ƙafar a ranar. Ta rame kamar muciya, kuma in ya miƙe ta tafin yana ɗan kallon waje. Na ji tsoro, na kuma ce a raina wataƙila haka kowace karaya take kafin ta cika.

Ana saura 'yan makonni a rufe gasa alamar dogo ta koma ruwan ɗorawa. Zo ka ga murna. Direba ya yar da sanda ɗaya ya rage ɗaya, ya fara zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa. Zafi ya kai inda ya kai, da yamma gabas ta fara haɗa baƙi tana watsewa. A ƙauyen da nake koyarwa mutane sun gama sharar gona, yara sun fara raguwa a aji, kowa idonsa na sama. Duk lokacin da na ji iska mai ƙanshin ƙasa sai in tuna da abokina da motarsa. Ana haka alamar ta ɓace gaba ɗaya, aka ce dogo zai iya buga wasan ƙarshe. A ranar direba ya aika wa Alhaji cewa a kawo mota ran Lahadi da yamma, ya warke.

Wasannin ƙarshe duk a lokaci ɗaya ake buga su, bayan la'asar. Tela ya kawo talabijin ɗinsa aka ɗora a kan tebur a ƙofar gida. Jandarma yana gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka buɗe ƙungiyoyi kowa ya ga ta kowa, sai fada ta ɗauki salati. Direba ya fito da dogo daga benci, ya kuma naɗa shi kyaftin, mutumin da rabonsa da fili tun sanyi. A cikinmu duka ba wanda ke da shi sai direba.

Aka fara wasa, dogo na zaune a bencin gaske, ya rufa da riga. Jandarma bakinsa har kunne, yana tambayar tela ko ya sayo sabon mafici. Aka tafi hutu aka dawo, shiru. Direba kuwa hannunsa na kan gwiwar hagu. Can sai muka ga dogo ya miƙe yana cire riga. Ya shigo yana taka ƙafar kamar bai yarda da ita ba. Ba a jima ba aka kwaso wata ƙwallo daga gefe, ya sa wannan ƙafar hagun dai ya tura ta raga.

Ban san lokacin da na tashi na taka kofin wani ba. Tela ya manta shi ne na ƙarshe, yana ta tsalle. Jandarma ya duba waya, ya sake dubawa, ya cire hula ya ce, "Ka ci ni, abokina." Direba kuwa ya miƙe tsaye babu sanda, yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Wagga ƙahwa ta!"

Muna cikin haka muka ji ƙugin mota a bakin kwalta. Tun kafin mu waiga ya ce ita ce. Alhaji ya sauko daga gefen fasinja, mutumin Tajaye ya sauko daga wajen direba, wani gajere mai kunya, ya gaishe mu ɗaya ɗaya ya koma gefe ya tsaya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, wannan karon ba irin mai watsewa ba.

Direba ya taka har gindin mota da ƙafarsa, yana ɗingishi kaɗan. Ya kama ƙarfe ya hau, ba wanda ya taimaka masa don ya hana. Ya gyara madubi, ya shafa sitiyari, ya tayar da inji. Ni na hau matakalar ƙofa na leƙa, don wallahi ina son in gani da idona. Ya ɗora ƙafar hagu a kan ambreyaj ya danna. Ambreyaj ya tafi rabi ya tsaya. Ƙafar ta kama rawa tun daga cinya. Ya ja giya, ta yi ƙara irin mai sa haƙori tsami, ta ƙi shiga. Ya saki ya numfasa, ya sake. Ya sa hannu ya danna gwiwar da shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan wando. Bai kai ba. Ya ɗago muka haɗa ido, ni na fara kawar da kai. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na wannan lokacin ba.

Ya kashe injin. Alhaji yana ƙasa yana kallon takalminsa. Direba ne ya leƙo ta taga ya kira mutumin Tajaye.

"Taho, ɗan'uwa. Wa ka bari gida?"

"Ƙanena, da tsohuwa."

"Aika ma ƙanenka shi yi maka shibka bana. Ruwa na bisa hanya." Ya zare makulli ya miƙa masa. "In ka yi lodi, kak ka matsa mata ga hawa, tana zahi. Kuma ka sake igiyar tampol duka, kak ka ƙulla tsohuwa."

Saukowa sai da muka riƙe shi ni da jandarma. Alhaji ya fara cewa za a duba wani abu, ko a gareji ko wajen lodi. Direba ya ce, "Ba komi, Alhaji. Ka jira iyakar jira." Ya juya wurin jandarma ya ce, "Shef, radiyon nan naka, gobe kana da hili?" Jandarma ya ce ko ba shi da shi zai samo.

Muka dawo kan tabarma. A talabijin ana ta nuna dogo yana zagaya fili, yana ɗaga wa mutane hannu. Tela ya durƙusa gaban gawayi ba tare da an ce masa ba, ya fifita, ya dafa, ya ɗaga buta sama ya zuba har kumfa ta tashi. Kofin farko jandarma ne ya karɓa, ya miƙa wa direba da hannu biyu. Iska ta taso, ɗigon farko ya fara sauka a kan kwanon zaure.

A bakin kwalta mota ta tashi. Direba ya kai kofi baki bai sha ba, ya karkata kai yana saurare. Ina zaune kusa da ƙafafunsa. Da injin ya ja ya kai inda ake sauya giya, sai na ga tafin ƙafarsa ta hagu ya danna tabarma a hankali, ya saki. Sannan ya shanye shayinsa ya miƙa wa tela kofin.